Ɗiyar Ma'aikacin Lafiya

Ku da kuka cika mani waya da saƙonnin "Adawiyya ki faɗa mashi gaskiya kawai", na gani, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku da yatsa kuke rubutawa ku ajiye waya ku ci abincinku, ni kuwa a kaina abin yake.

Wanda ya shigo yau, bari in gaya mashi inda aka kwana. Sunana Adawiyya Ummaru Rimaye. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti cikin garin Kankiya, ɓangaren awon ciki da rigakafin yara. Ina zaune gidan ƙanwar Innata don ya fi kusa da wurin aiki, sai ranar Juma'a nake leƙa gida Rimaye. Wata bakwai ke nan Abdulmannan yana zuwa wurina zance a ƙofar gidan nan na Kankiya. Malamin Islamiyya ne, ɗan gidan Malam Uthman na Kusada, gidan da tun kakanni ake ɗaukar karatu a zaurensa. Ƙanwarsa Ulfa ƙawata ce tun makarantar koyon aikin lafiya, ta wurinta ya gan ni. Ranar da ya tambaye ni aikin Babana, na buɗe bakin nan nawa na ce, "Ma'aikacin lafiya ne."

A lokacin na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Mutumin da ke cire wa jarirai beli, ya yi ƙaho, ya yi wa yara kaciya, in ba aikin lafiya yake yi ba to me yake yi? Baba wanzami ne, jama'a. Kuma ba wanzamin ko'ina ba, wanzamin gidan su Abdulmannan. Kakana mutumin garin Ƙofa ne, da ya rasu ya bar wa Baba zabirarsa ta fata da gidajen da yake yi wa aski, yadda ake bar wa ɗa gona. Gidan Malam Uthman na cikinsu. Baba ne ya yi wa Abdulmannan askin suna, shi ya yi mashi kaciya. Karfatar rago, wato kafaɗar da ake ba wanzami ranar suna, muna yara in Baba ya shigo da ita Inna ta ce "ta gidan Malam ce", sai mu hau tsalle, don ragunansu ba ƙanana ba ne.

Za ku ce ta yaya bai gane ba, ga sunan Baba manne da nawa? To nan ne abin ke yi mani ciwo. Shekara talatin da wani abu Baba na shiga gidan nan, ba wanda ya san sunansa Ummaru, ba wanda ya taɓa tambayar a wane gari yake kwana. Wanzam suke ce mashi, tun daga Malam har yaron da ya aske bara.

Kuma kada ku yi saurin zagina, ban fara tsoro haka kawai ba. Yayata Zuhura, wani ma'aikacin gona na ƙaramar hukuma ya neme ta shekara guda cur. Danginsa suka zo Rimaye bincike, suka tambayi mutum biyu a bakin masallaci, aka ce masu mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, gidan aska ne. Suka koma. Ko sallama bai yi mata ba, layinsa kawai ya canja. Ina aji biyar na sakandare lokacin, ni ce nake kai mata abinci ɗaki ina fito da shi yadda na kai.

Shi kuma Abdulmannan na taɓa gwada shi. Ya gama yi mani bayani mai daɗi kan cewa a wurin Allah ba wanda ya fi wani sai da tsoron Allah, na ce cikin wasa, "To Malam, kai za ka iya auren ɗiyar wanzami?"

Ya yi dariya. "Ni? Ni ba ni da matsala. Amma kin san gida."

Kin san gida. Da wannan kalmar na kwana na tashi har ranar Alhamis ɗin nan, ina cikin cike katin wata mai ciki, waya ta yi motsi a aljihun rigar aikina. Saƙon Abdulmannan ne.

"Likita, albishirinki."

"Goro."

"Kin san jibi ne sunan ɗan Yaya Mubarak a gidanmu. Hajiya ta ce Ulfa ta taho da ke. Da hantsi, kafin mata su cika gida. Da sunan ƙawar Ulfa za ki zo, amma ke take son gani kafin su Baffa su tafi Rimaye."

Na karanta sau uku. Hajiya mahaifiyarsa ce. Na rubuta "ina da aiki ranar", na goge. Na rubuta "ba ni da lafiya", na goge. Matar da ke gabana ta ce, "Malama, lafiya? Ko wani abu kika gani a awon?" Na ce mata lafiya lau, cikinta ƙalau yake. Daga ƙarshe na tura mashi "Allah ya kai mu", na kifa wayar.

Ranar Juma'a na isa Rimaye bayan an sauko masallaci. Baba na zaune a inuwar bishiyar bedi tsakar gida, ya miƙe ƙafafu, yana shafa wa zabira mai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, an iso? Ya marasa lahiya?"

Na durƙusa na gaishe shi. Fuskarsa sai walwala take.

"Gobe ina Kusada," ya ce. "An yi wa Malam jika. Na goma sha ɗaya ke nan da zan aske a gidan nan. Kin ga uban yaron, Mubarak? Ranar kaciyarsa sai da mutum huɗu suka riƙe shi. Ƙanensa kau, Abdulmannan, ko uffan bai ce ba. Tun ran nan na ce wannan malami za a yi."

Na ce, "Allah sarki." Na miƙe na yi madafi wurin Inna.

Inna ta san komai. Ta san Abdulmannan, ta san ɗan gidan wa ne, ni na roƙe ta kada ta gaya wa Baba tukuna. Baba dai ya san akwai wani malami mai zuwa wurina, yana jiran a turo manya. Na tsuguna gefen murhu na faɗa mata maganar gayyatar da raɗa. Ba ta daina tuƙin tuwo ba.

"To mi kike so in yi maki? In ɓoye mashi zabira?"

"Inna, ko za ki lallashe shi ya bar wa wani wanzamin ya je, gobe kaɗai."

Ta zare muciya daga tukunya ta dube ni. "Gidan da ubansa ya bar mashi? Shi bar wa wani don ke kina jin kunyarsa? Askar nan da kike ɓoyewa ita ta kai ki makarantar da kika koyo ɓoyon."

"Ba kunyarsa nake ji ba."

"To mi ne ne?"

"Tsoro nake ji, Inna. Kin ga abin da aka yi wa Yaya Zuhura."

Ta mayar da muciya cikin tukunya. Ni kuma da yake bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci, sai na ƙara da cewa, "Ke ma ai da ɗan gidan Sarkin Fawa ya zo neman Yaya daga baya, cewa kika yi mahauci, Allah shi kiyaye."

"Wannan daban," Inna ta ce da sauri.

"Da me ya bambanta?"

"Tashi ki ba ni wuri kafin in ƙona tuwon mutane."

Haka muke, wallahi. Masu sarauta na kallon malamai, malamai na kallon manoma, manoma na kallonmu, mu ma sai da muka waiwaya muka samo wanda za mu kalla. Ban ce mun fi su Hajiya kirki ba.

Da la'asar kafin in koma Kankiya na tambayi Baba, kamar ba komai, ƙarfe nawa zai gama a Kusada. Ya ce ana raɗa suna zai shiga, kafin takwas ya fito, don akwai wanda ke jiransa da ƙaho a Ƙofa. Na yi lissafi a raina. In na isa sha ɗaya, ya yi awa uku da tafiya. In na tsallake gobe, sai in samu rana in zaunar da Abdulmannan in gaya mashi da bakina. Haka na ce wa kaina, haka nake cewa tun wata bakwai.

Asabar da safe Ulfa ta zo ɗaukata, ta tarar na baje kaya bisa gado. Ta ture leshina mai duwatsu gefe.

"Ke, gidanmu za ki, ba gidan biki na birni ba. Sa atamfar nan mai ruwan ganye. Hijabi har ƙasa, da safa. Goge jan bakin nan. Kwalli kaɗai."

Na yi yadda ta ce. Na saka ɗan turare mara ƙarfi a wuya, na ƙulla kayan barka a leda, rigunan jarirai biyu da sabulu da man shafawa. A mota Ulfa sai zuba take, tana gaya mani wa zan durƙusa wa har ƙasa, wa zan ce wa Gwaggo, wa ba a kallon idonta. Ni idona na kan hanya, duk mai mashin da muka wuce sai na leƙa fuskarsa. Gero ya yi kai a gonaki, an fara karya shi. Waya ta yi motsi, Abdulmannan ne.

"Kun taso?"

"Muna hanya."

"Kada ki ji tsoro, Hajiya ba ta cizo."

Da muka sauka a ƙofar gidan, abin da na fara nema shi ne jan mashin ɗin Baba mai yagaggen sirdi ɗaure da roba. Na duba ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na duba jikin katanga. Babu. Na sauke wata ajiyar zuciya har Ulfa ta juyo ta ce, "Kunya ce haka?" Muka ratsa zaure kanmu a ƙasa, alluna jingine da bango, maza bisa tabarmi ana raba goro. A tsakar gida ga rago rataye ana aikinsa, ga mata biyu a bakin tanda suna suyar waina.

Ɗakin Hajiya Halimatu shimfiɗe yake da jan kafet mai laushi, ƙamshin turaren wuta ya kama labule. Siririyar mace ce, da tabarau, da carbi a hannu, ba ta ɗaga murya. Na zube na gaishe ta. Ta ce in taso in zauna kusa da ita, na ƙi, ta sake cewa, na matsa. A kan kujera kuma ga wata tsohuwa mai kaifin ido, Gwaggo Zuliha, yayar Malam. Ita Ulfa ta fi ja mani kunne a kanta.

"Ɗiyar wa ce a Rimaye?" Gwaggo ta tambaya tun ban gama zama ba. "Muna da mutane can."

"Malam Ummaru, Gwaggo."

"Ummaru wane? Na gidan liman?"

"A'a."

"Na gidan maigari?"

Hajiya ce ta cece ni ba ta sani ba. "Ma'aikacin lafiya ne, Yaya. Abdulmannan ya gaya mani. Kin ga ita ma aikin ta gada."

"To madalla," in ji Gwaggo. "Mu a gidan nan ba mu duba abin hannu, yarinya. Mai shi da maras shi duk ɗaya ne wurinmu. Asali kaɗai muke tambaya, don shi ke bin 'ya'ya."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo." Ni da bakina na ce haka ne.

Aka kawo mani waina da miyar taushe da kunun kanwa, na taɓa don kada a ce. Hajiya ta yi mani tambayoyi kan aiki, kan karatun Alƙur'ani, izu nawa na kai. Ina amsawa tana gyaɗa kai, har na ga ta yi wa Ulfa wani ɗan murmushi. Zuciyata ta fara kwanciya. Sai ta ce a kawo jariri in gani.

Ulfa ta shigo da shi naɗe cikin farin tawul, ta ɗora mani a cinya. "Ga Sada," ta ce. Yaro jawur, mai kumatu. Da yake hannuna ya saba, na ɗan zame hular kansa don in duba maɗiga.

Gashi. Baƙi wuluk, kwance luf har goshi.

"Ba a yi mashi aski ba?" Ban san lokacin da tambayar ta fita ba.

"Ina fa," in ji Gwaggo. "Wanzam ya shanya mu tun safe. Wai mashin ɗinsa ya yi faci a hanya, yana tura shi."

Na miƙa wa Ulfa yaron, na lalubo waya na kara a kunne ba wanda ya kira ni. "Hajiya, kamar daga asibiti ake nemana, bari in..."

"Salamu alaikum, masu gida."

Muryar da na fi sani a duniya. Daga bakin tsakar gida ta taho.

Abin da na gani ta ƙofar ɗakin ba zai bar idona ba. Mata sun fi goma a tsakar gidan, wasu ba mayafi, wata ma ɗaurin ƙirji gare ta, ba wadda ta motsa don ta suturta jikinta. Da wani namiji ne ya yi sallama da tuni an watse. Wanzami ba ya cikin mazan da ake ɓuya dominsu. Baba ya tuɓe takalmansa tun daga can nesa, ya tako ƙasa da ƙafa, rigarsa ta Juma'a jiƙe da zufa, hannunsa da baƙin mai. Ya zo bakin ƙofar ɗakin ya tsuguna a waje, bai taka kafet ba.

"Barka da arziki, Hajiya. Gwaggo, a gafarce ni, ƙarfe ne ya ci amanata."

"Wanzam, rana ta take," Gwaggo ta ce. "Yaro na nema shi yi gemu."

Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi a gida ba, 'yar ƙarama, ta ba da haƙuri. Ya ɗago kai. Idonsa ya faɗa cikin nawa.

Na ga bakinsa ya fara haɗa "Uwa...", sai Hajiya ta yi magana, cikin jin daɗi, irin na mai nuna sabon abu.

"Wanzam, kai na gida ne, ba a ɓoye maka. Ka ga wadda yaronka Abdulmannan ke nema. Likita ce a Kankiya. Ɗiyar wani ma'aikacin lafiya ce, mutumin Rimaye."

Baba ya dubi hijabina, ya dubi inda nake zaune kafaɗa da kafaɗa da Hajiya, ya dubi farantin wainar da ke gabana. Ya gane komai, na ga lokacin da ya gane. Sai ya sunkuyar da kai.

"Allah shi sanya alheri," ya ce. "Sannu, Likita."

Ubana ya ce mani sannu Likita. Ni kuma, Allah ya yafe mani, na ce, "Yauwa, sannu."

Aka shimfiɗa mashi tsohuwar tabarma a baranda, aka kawo ƙwarya da ruwan ɗumi da sabulu. Ya wanke hannunsa sosai. Ina neman hanyar sulalewa Hajiya ta ce, "Adawiyya, ke da kika saba da jarirai, riƙe mashi yaron. Hannun Yaya Zuliha rawa yake yanzu."

Haka na fito na zauna gaban Baba, gwiwata na kusan taɓa tasa, Sada a cinyata. Mata suka kewaye mu. Bai kalle ni ba. Ya buɗe zabira ya sa hannu a aljihun gaba. Ya fito da hannun ba komai. Ya sake sawa. Ya duba na gefe.

"Sabuwar reza fa, Wanzam," Hajiya ta ce. "Ka san Mubarak ya hana aska."

"Akwai ta, Hajiya. Yanzun nan."

Ya fara fito da kaya yana jerawa bisa tabarma. Ƙaho uku, almakashi, tsohuwar askar kakana, ƙullin magani. Hannunsa na rawa. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin hannun Baba ya yi rawa ba, ko ranar da aka kawo mashi yaron da jini ya ƙi tsayawa. Zufa na ɗiga daga gemunsa.

"Tsufa ya kama Wanzam," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Ga makara, ga mantuwa. Ni dama na ce a riƙa kiran yaran nan masu shagon aski, a huta."

Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya. Wata ta ce, "Ko a aika kanti a sayo mashi?"

Ni na san inda rezar take. Duk Juma'a ni ke kawo mashi sababbin reza da auduga da ruwan wanke ciwo, in jera mashi a aljihun gaba. Jiya da hankalina ba ya jikina, na cusa su can aljihun ciki inda ba ya ajiye komai sai layar kakana. Laifina ne. Ina zaune ina kallo ana yi wa ubana dariya a kan laifina, ana maganar karɓe mashi gidan da ya gada. Na ce wa kaina yi shiru, Adawiyya, zai gani da kansa. Ya kife zabirar ya girgiza, ba abin da ya faɗo, don aljihun na da maɓalli.

"Baba, duba na ciki, mai maɓalli. Can na sa su jiya."

Ko da na ji abin da na faɗa, maganar ta riga ta fita.

Baba ya ɓalle maɓallin, ya zaro rezar cikin takardarta. Bai ɗago ba ya ce, "Likitoci sun san zabira, Hajiya. Su ke tara mu a asibiti suna koya muna tsafta."

"Cewa ta yi jiya ta sa su, Wanzam." Muryar Hajiya ba ta canja ba ko kaɗan. "Aske yaron tukuna."

Ya yi bisimilla. Ya jiƙa kan Sada da ruwan ɗumi, ya murza sabulu da babban yatsa. Da rezar ta hau kan yaron rawar hannun ta ɗauke ɗif. Ya bi ta gefen kunne, ya zagaye maɗiga a hankali, yana yi wa yaron 'yar magana ƙasa-ƙasa yadda yake yi wa kowane jariri. Ni kuma ina juya mashi kan kafin ya nema, don tun ina shekara tara nake riƙe mashi yaran unguwarmu. Sada bai yi ko ƙwaƙƙwaran motsi ba. Ba ƙwarzane ko ɗaya. Hawayena ya ɗiga a kan tawul, na kasa sharewa don hannuwana biyu na riƙe da ɗan mutane.

Da aka gama Ulfa ta karɓi yaron ba ta kalle ni ba. Baba ya tattara gashin a takarda ya miƙa, ya mayar da kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe ya rataya zabira. Ni ma na miƙe.

"Adawiyya," Hajiya ta kira. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofarta, carbi na lilo a hannunta. "Mi ne ne Wanzam gare ki?"

A karo na farko tun da ya ce mani Likita, Baba ya dube ni. Ya ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Cewa yake in ƙi shi. Ya ba ni izini in ƙi shi a gaban mutane don in samu mijin da nake so. Wannan ya fi mari zafi.

"Mahaifina ne, Hajiya," na ce. "Sunansa Ummaru."

Gwaggo ta ja salati mai tsawo. Ulfa ta ce, "Adawiyya," a hankali. Wata mata da ta taho da karfatar rago cikin leda don ta ba Wanzam ta tsaya cak tsakiyar fili, ta rasa ko ta miƙa ko ta koma da ita.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta gyara tabarau ta ce, "Ulfa, ba uwarsa yaron, ki kira mani Abdulmannan."

Waya ta yi motsi a hannuna. Na duba don na rasa inda zan sa idona.

"Ya ake ciki? Ulfa ta ce Hajiya ta yaba. Na gaya maki."

Ban gama karantawa ba Abdulmannan ya shigo, cikin farar shadda da hula zanna, yana murmushi, wayar na hannunsa. Ya ga mata tsaye cirko-cirko, ya ɗan rage tafiya. Ya ga Baba.

"A'a, Wanzam, sai yanzu? An gama?"

"Abdulmannan," Hajiya ta ce, "ga Malam Ummaru na Rimaye. Ma'aikacin lafiya."

Ya dubi mahaifiyarsa. Ya dube ni. Murmushin ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda za shi. Kowa a gidan nan ya san abin da saurayi ke yi in ya tsinci kansa gaban uban yarinyar da yake nema, takalmi yake tuɓewa ya kai gwiwa ƙasa. Ni ƙafafunsa nake kallo. Ba su motsa ba.

Baba ne ya motsa. Ya dafe zabira da hannu ɗaya, ya fara rusunawa, bakinsa na cewa, "Allah shi gafarta Mal..."

Na cafke hannun rigarsa da hannu biyu na riƙe shi a tsaye.

"Sake ni, Uwata," ya ce da raɗa. "Ban taɓa gaida ɗan gidan nan a tsaye ba."

Gwaggo na kallo, Hajiya na kallo, Abdulmannan na tsaye da takalmansa a ƙafa. Ina jin nauyin Baba yana ja ƙasa.

Ban sake shi ba.